Kada Ki Raina Abin Da Ke Gindin Adakar Kaka

Yau zancenmu a kan tsofaffin kaya ne, irin waɗanda ake tararwa a gindin adakar tsohuwa ko a cikin kumbon da aka daɗe ba a buɗe ba: kwabo mai huji, takardar haraji da ta yi ja, ambulan mai kan sarki, hoton da ya fara dusashewa, ƙyallen atamfar da aka daina yayinta tun ba a haife mu ba. A ƙasashen Turai akwai mutanen da babban abin sha'awarsu shi ne tara irin waɗannan, har suna da ƙungiyoyi da kasuwanni da littattafan da ke faɗin shekarar kowane abu. Mu kuwa a nan, in aka yi rasuwa aka zo rabon gado, zinariya da zannuwa masu kyau su ake lissafawa, sauran a kira su tarkace, a share a kai juji ko a miƙa wa 'yan jari-bola.

Na san wata za ta ce ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, amma Hausawan da suka faɗi haka su ne kuma suka ce waiwaye adon tafiya. Tarihin sarakuna da gwamnoni yana nan a littattafai, an rubuta an adana. Tarihin gidanku kuwa, musamman na matan gidan, ba wanda ya rubuta shi. In akwai shi, to rabinsa yana cikin adakar nan, rabi kuma yana cikin kan tsohuwar da ta ajiye kayan. Ranar da aka rasa ɗaya, ɗayan ma amfaninsa ya ragu. Bari mu ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya mu ga abin da kowanne ke faɗi.

Daga wuri zuwa anini

Mu fara da wuri, wanda har yanzu ake samu jikin tsohon faifai ko a ƙulle cikin tsumma. Kalmar kuɗi da muke faɗi kullum asalinta jam'in wuri ce. Wurin nan daga teku yake, mafi yawansa daga tsibiran Maldib da ke Tekun Indiya, ya ratso ƙasashe a hannun fatake kafin ya iso kasuwar Kurmi. Lokacin da Baturen nan Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Ki duba wahalar mai sayar da fura ko dillaliya a wannan zamani, sai ta zauna ta ƙirga cinikinta biyar biyar a ƙasa. Wuri 20,000 shi ake kira keso, kuma kaya ne sosai na ɗan dako.

Turawa sun hana shigo da wuri a 1904, kana a 1907 suka fito da kuɗin ƙarfe masu huji a tsakiya, wato kwabo da anini. An huda su ne domin a iya zura su a zare, tun da yawancin tufafin mutane ba su da aljihu. A jikinsu akwai tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Lissafin kuwa haka yake: anini 10 kwabo ɗaya, kwabo 3 taro, kwabo 6 sisi, kwabo 9 nai, kwabo 12 sule, sule 2 dala ko fataka, sule 20 fam guda. Rabin kwabo ana ce masa ɗari, sunan da ya gada daga lissafin wuri. In kin ji tsohuwa ta ce ba ta da ko anini, ko ta ce abu bai kai sisin kwabo ba, ga inda maganar ta samo asali.

Ki duba kwabban da kika samu da kyau, ko akwai mai shekarar 1936 da sunan Sarkin Ingila Edward na takwas. Wannan sarki bai cika shekara a gadon sarauta ba. Ya hau a watan Janairu na 1936, ya yi murabus a Disamba saboda ya nace sai ya auri wata bazawara 'yar Amurka, hukuma da coci kuwa ba su yarda ba. A Ingila kanta kuɗi mai hotonsa bai shiga hannun jama'a ba, amma namu na Afirka ta Yamma, da yake huji ne a wurin da hoto zai zauna, suna kawai aka rubuta, an riga an buga an rarraba. Ashe kaka tana ajiye da abin da matan Landan ba su taɓa cefane da irinsa ba.

Akwai kuma babbar azurfar nan mai hoton wata mace mai lulluɓi, wadda ake kira liyari, da ake maƙala wa sarƙa ko a narka a yi mundaye. Matar sunanta Mariya Tariza, sarauniya ce a ƙasar Ostiriya. Za ki ga an rubuta 1780 a jiki, to kada ki ɗauka shekarar da aka ƙera taki ke nan. Shekarar da matar ta rasu ce, kuma da ita aka ci gaba da buga kuɗin har bayan shekaru fiye da ɗari, domin 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan da Borno ita suka sani, ita suka yarda da ita.

Kuɗinmu na gida

Babban Bankin Nijeriya ya fito da kuɗin ƙasar nan na kanta a ranar 1 ga Yuli, 1959, ana saura shekara guda da 'yan watanni a sami mulkin kai. An sake takardun kuɗi a 1965, aka kuma sake su a Janairun 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, domin waɗanda ke hannun 'yan Biyafara su zama ba su da amfani. A ranar 1 ga Janairu, 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam guda ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Shi ya sa har aka daɗe iyayenmu suna kiran kwabo 10 sule.

Ƙarafan 1973 darasi ne guda ga yaro. Rabin kwabo auduga ce a jikinsa, kwabo ɗaya rijiyar man fetur, kwabo 5 koko, kwabo 10 bishiyar kwakwar manja, kwabo 25 kuwa gyaɗa da dalar gyaɗa irin ta Kano. Nakan kai su aji in jera a kan tebur in tambayi yara da me ƙasar nan ta dogara a lokacin. Yaran da ba su iya riƙe abin da aka rubuta a allo ba sukan riƙe wannan, domin sun taɓa da hannunsu.

Takardar naira 20 mai hoton Janar Murtala Muhammed ta fito a 1977, shekara guda bayan an kashe shi, kuma ita ce ta farko da ta ɗauki hoton wani sanannen ɗan ƙasa. Har mutane suka sa mata suna Murtala ko 'yar Muri. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun kuɗi, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a canza. In kin tarar da tsofaffin takardu a naɗe cikin tsumma a gindin tukunya, ki tambaya, watakila adashin wata ne da canjin ya rutsa da shi ba ta sami kaiwa banki ba. A 2007 kuma aka sa hoton Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane, a bayan naira 20, a shekarar ce kuma aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardu. Saboda haka naira 5 ko 10 mai ajami da kike gani kamar ta jiya, ita ma ta shiga sahun abin ajiya.

Kan sarki da wasiƙu

Yaran yanzu da yawa ba su taɓa liƙa kan sarki ba, balle su san dalilin sunan. Hoton kan Sarkin Ingila ne ake bugawa a jiki, sunan ya bi shi har bayan an daina. Jihar Arewa ta sami kan sarkinta na kanta a 1900, mai hoton Sarauniya Biktoriya, aka ci gaba da buga na Arewa dabam har 1914 da aka haɗe Kudu da Arewa. Waɗanda aka fitar a 1953 suna da ban sha'awa ƙwarai: na kwabo ɗaya mahayan dawakin Borno ne, na kwabo ɗaya da rabi gyaɗa, na kwabo biyu haƙar kuza, na taro gadar Jebba, na sule goma fatu da ƙiraga.

In kin sami kan sarki a jikin ambulan, kada ki ɓamɓare shi. Hatimin gidan waya da aka buga a kai yana nuna garin da wasiƙar ta fito da ranar da aka jefa ta. Wasiƙar da kakanki ya aiko daga Kumasi yana fataucin goro, ko daga Jos yana aikin kuza, ko daga Sudan a hanyarsa ta zuwa Makka a ƙasa, wannan hatimi shi ne shaidarta. Wasu wasiƙun da ajami aka rubuta su, kuma masu iya karanta irin wannan hannu suna raguwa. Ki nemi malami ko dattijon da ya iya ya karanta miki, ki kwafe da boko ki haɗa su wuri ɗaya.

Takardun da ake rainawa

Takardu su ne suka fi saurin lalacewa, su ne kuma suka fi faɗin gaskiya. Takardar haraji tana ɗauke da sunan mutum da unguwarsa da shekara da abin da ya biya. Talakawa sun sha wuya a kan wannan 'yar takarda, har 1979 da gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Takardar shaidar Yaƙi da Jahilci ta shekarun 1950 tana nuna wanda ya fara karatun boko a gidan, yana babba. Tsohon shafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 Malam Abubakar Imam yana edita, ko da an shimfiɗa shi ne a gindin akwati, yana nuna farashin kaya da tallace-tallace da irin Hausar lokacin.

Amma wadda na fi so ku nema ita ce katin zaɓe na kakanninmu mata. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba a zaɓen 1959, ba su jefa ba a 1964, alhali matan Kudu suna jefawa. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka ba su dama, kana suka shiga babban zaɓe na 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha duka da ɗauri a kan neman wannan 'yanci. Saboda haka in akwai katin 1979 mai sunan kakarki, ki sani tana cikin matan farko a zuriyarku da aka taɓa tambaya wa suke so ya mulke su. Irin wannan kati ba abin kunna wuta ba ne.

Haka nan katin asibiti na awon ciki, da katin rigakafin yara, da tsohon fasfo na aikin hajji, da takardar sakamakon makaranta ta yarinyar da aka sa aji ɗaya a 1976 lokacin da aka fara ilmin firamare kyauta ga kowa. Banda tarihi ma suna da amfani na yau da gobe. Sau nawa ake neman shekarun haihuwar mutum a rasa, sai a ce shekarar fari ko shekarar da aka yi kaza? Sau nawa ake rigimar gida ko gona a kotu, ƙaramar takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ta raba gardama?

Jere da atamfa

Ɗakin mace ma littafi ne ga mai iya karantawa. Kakannin kakanninmu da ƙorai da akussa da tasoshin tagulla aka yi musu jere. Bayansu aka shiga yayin kwanoni masu fenti, langa da fanteka da kwalla, daga nan samira, daga nan tangaran da kabet. Ki kifa tsohon kwano ki duba gindinsa, sau da yawa akwai tambarin inda aka ƙera shi. Na farko daga waje ake kawo su, irin su Cekosulobakiya da Hon Kon, kafin a kafa masana'antunsu a nan gida. Ƙasar Cekosulobakiya ma yanzu babu ita, ta rabu biyu tun farkon 1993, amma sunanta yana nan a gindin langar kaka.

Atamfa kuma ki duba bakinta, nan ake buga sunan masaƙa. An buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, suka ɗauki dubban ma'aikata, kana yawancinsu suka tsaya a shekarun 2000. Zanen da aka buga a can yanzu shaida ne na sana'ar da ta ciyar da gidaje masu yawa. Akwai kuma zannuwan tunawa da wani biki, masu hoto da shekara, irin na zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 da aka yi mata hawan daba a Kaduna, da na mulkin kai a 1960, da na bikin al'adun baƙar fata na 1977, da na jam'iyyun siyasa. Ko zanen ya tsufa, ki yanke wurin da ya fi lafiya ki ajiye, ki rubuta sunan da mata suka sa masa, domin sunan atamfa a baki yake, ba a buga shi a jiki.

A yi hattara da masu saye

Akwai masu yawo unguwa unguwa suna tambayar tsofaffin kaya. Ki san abu biyu. Na farko, tsufa kaɗai ba ya sa abu tsada. Kwabo mai huji, har da na 1936 ɗin nan, miliyoyi aka buga, kuɗin da za a ba ki a kansa ba zai kai ki ko'ina ba, alhali a wurin jikokinki ba shi da na biyu. Duk wanda ya ce miki tsohon kwabo ko dutsen guga na gawayi ko keken ɗinki yana ɗauke da wani sinadari mai suna jan makuri da ake saye da miliyoyi, ƙarya yake yi, babu wannan sinadari. An yi irin wannan ji-ta-ji-ta a Saudiyya a 2009 a kan keken ɗinki na Singer, mutane suka zuba kuɗi suka tashi a tutar babu. Yawanci dabarar ita ce a sa ki biya kuɗin gwaji, ko a sayar miki da abin da tsada da sunan akwai mai saye yana jira.

Na biyu, abin da ke da daraja ta gaske, irin tsofaffin littattafan hannu na malamai, da takubba, da kayan sarauta, doka ta tsare shi. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izni ba. In gida ya ga ba zai iya adana abu ba, akwai wuraren da aikinsu ke nan: Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, Gidan Arewa a Kaduna wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A yi shawara da 'yan'uwa tukuna, domin kayan gado ba na mutum ɗaya ba ne, kuma a karɓi takardar shaidar abin da aka miƙa.

Yadda za ki adana su

Manyan abokan gaban kayan nan su ne gara da danshi da ɓera da hasken rana. Ki sami akwatin ƙarfe mai murfi mai kyau, ki ɗora shi a kan duwatsu ko benci, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. Ki sa kafur ko busasshen ganyen darbejiya a ƙulle cikin ƙyalle a kusurwa, kada ya taɓa takardun. Kada ki ƙulle takarda cikin leda da damina, gumi take yi ta yi funfuna. Ki cire ƙusar maƙala takardu da allura domin tsatsa tana cin takarda. In takarda ta yage kada ki liƙe ta da salatif, kada kuma ki kai a manne ta da roba mai zafi, domin ba ta ɓamɓaruwa har abada. Ki shimfiɗa ta a tsakanin fararen takardu biyu, a miƙe ba a naɗe ba.

Tsofaffin kuɗin ƙarfe ba a goge su da toka ko lemon tsami ko yashi. Baƙin da suka yi ba datti ba ne, kuma gogewa tana cinye rubutun. Zane kuwa a wanke shi ya bushe sarai, a naɗe cikin farin ƙyalle, a riƙa sauya ninkin duk shekara don kada ya karye a kan layi ɗaya. Da hunturu, sa'ad da iska ta bushe, ki fito da kayan ki shanya a inuwa na ɗan lokaci. Kana ki ɗauki hoton kowane abu da wayar hannu, gaba da baya, ki tura wa 'yan'uwa biyu ko uku, domin in gobara ko ambaliya ta zo, Allah ya kiyaye, ba a rasa duka ba.

Abu mafi muhimmanci kuwa ba ya cin ko kwabo. Ki sayi littafin rubutu mai shafi 40, ki je wurin Kaka ko Gwaggo ko Inna da hantsi bayan ta karya, ki gaishe ta, ki ce, “Kaka, don Allah wannan na wane ne?” Ki ba kowane abu lamba, ki rubuta mai shi, da garin da ya fito, da shekarar ko abin da ya faru a shekarar. Hotuna ki rubuta sunayen mutanen a baya da fensir, daga dama zuwa hagu, kada ki sa biro domin tawada tana ɓullowa. Kada ki katse ta in ta saki hanya ta shiga wani labari, sau da yawa can ne abin yake. In ta ce ba ta so a taɓa wani ƙulli, ki bar mata, kayanta ne da sirrinta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tarar da mai zumar da ranta, saboda haka kada ki ce sai an yi hutu ko sai bayan salla.

Duk 'yar'uwar da ta buɗe adaka ta sami abin da ya ɗaure mata kai, ta rubuto wa wannan fili ta bayyana kamanninsa da rubutun da ke jiki, ma tambayi masana tare. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ƙara wa iyayenmu da ke raye lafiya.